Hawan Kibo: Inda Tudu Ke Tona Asirin Lagireto

Duk matafiyin da ya taso daga Abuja zuwa Jos ta hanyar Akwanga ya san akwai wurin da hira ke yankewa a cikin mota. Da zarar an wuce Gwantu da Fadan Karshi, aka bar mahaɗar Forest a baya, sai ƙasa ta fara miƙewa sama, titi ya shiga lanƙwashewa a tsakanin duwatsu. Nan ne Hawan Kibo, a ƙaramar hukumar Riyom ta jihar Filato. Kusa da gindinsa ruwan Assop ke kwararowa daga kan dutse, a samansa kuma iska mai sanyi ce ke tarbar baƙo, tare da masu tallar dankalin Turawa da kabeji da karas.

Na daɗe ina bin wannan hanya, kuma da wuya in wuce ban ga mota a gefe ba, bonet a ɗage, tururi na tashi, yaron mota na gudu da jarka. Hausawa na cewa ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Motar da ke yawo lafiya a shimfiɗaɗɗen titi, a nan ne ake sanin gaskiyar lafiyarta, domin inji na aiki da dukkan ƙarfinsa, alhali tafiyar ta ragu, iskar da ke ratsa lagireto ta yi kaɗan.

Tsayin ƙasar ma yana da nasa tasirin. A bakin teku ruwa na tafasa ne a digiri 100, amma a Jos, wadda ke bisa tudu mai kimanin mita 1,200, yakan tafasa a wajen digiri 96. Abin da ke ceton inji shi ne murfin lagireto. A cikinsa akwai sifirin da ke danne ruwan da matsi, galibi 0.9 ko 1.1 kamar yadda ake rubutawa a kansa, kuma wannan matsin ne ke hana ruwa tafasa sai ya kai wajen digiri 120. Idan ruwan ya kumbura, murfin zai saki ragowar zuwa robar ajiya da ke gefe. Idan inji ya huce, sai ya zuƙo shi ya mayar. Da sifirin ya saki jiki, ruwa zai tafasa da wuri, roba ta cika ta yi ta ambaliya.

A wata tafiya na tsaya sayen kayan miya a saman hawan, sai na tarar da wani dattijon bakanike yana duba motar wani bawan Allah da ke ta roƙon a ƙara masa ruwa ya wuce. Dattijon ya ce masa: "Alhaji, yi haƙuri. Ruwan da ka zuba ɗazu ina ya tafi? Sai mun san ƙofar da ya bi kafin mu ƙara wani."

Sai da injin ya huce sarai ya buɗe murfin, ya duba robar bakinsa, ya cika ruwa, sannan ya sa aka tayar da motar. Ya ce in kumfa ta yi ta ɓullowa ba tsayawa, ko kuma bayan an rufe murfi tiyon sama ya yi tauri kamar sanda tun inji bai yi zafi ba, to gaskit ɗin kan inji ya ƙone, hayaƙi ne ke kutsawa cikin ruwa. Farin hayaƙi a salansa da baƙin mai da ya koma kamar shayi mai madara su ne shaidu na biyu. In kuwa bayan hucewa aka ga tiyo ya lotse, roba kuma tana nan cike, murfi ne ya kasa mayar da ruwa. Zafin da ke tashi a cunkoso kaɗai yakan nuna fanka; wanda ke tashi a hawa yakan nuna lagireton da ya toshe. Motar Alhajin dai murfi ne matsalarta, abin da kuɗinsa bai kai na kazar gida ba.

Abin da ke damuna shi ne yadda muka mayar da jarka magani. Ruwan rijiya da na rafi suna barin gishiri da tsatsa masu toshe ƙananan hanyoyin lagireto, alhali ruwan sanyaya inji da ake sayarwa an haɗa shi ne don hana hakan. Wasu kuma cire tamostat suke yi da sunan ƙasarmu akwai zafi, sai inji ya riƙa daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, ya ƙara shan mai, ainihin cutar kuma tana nan. Mafi muni shi ne buɗe murfi ana tsakiyar zafi: matsin na sauka, ruwan ya tafasa nan take, ya yi tsiri ya ƙona fuska da hannu. Zuba ruwan sanyi a injin da ya yi zafi fiye da kima kuwa na iya tsaga kansa.

Motar da ta mutu a lanƙwasa, ga tirela na gangarowa, ba asarar inji kaɗai ba ce, rayuka ne a kan siraɗi. Don haka ina kira ga direbobi da shugabannin tashoshin mota da su mayar da duba murfi da tiyo da fanka farilla kafin a ɗora fasinja zuwa Filato. Wanda kuma allurar zafi ta tashi masa a hanya, ya kashe na'urar sanyaya ɗaki, ya nemi fili ya tsaya, ya ba inji aƙalla minti 30. Gara a isa Jos da dare da a kwana a asibiti. Allah Ya kai kowa gida lafiya.