Kwanon Kunun Da Ya Tona Mini Asiri

'Yan'uwa masu karatun wannan fili, yau ba fatawa na kawo muku ba, domin ban kai wannan matsayi ba. Labarin kaina zan ba ku, ko da ya ke akwai kunya a cikinsa.

Shekarar da mahaifina ya rasu, Allah Ya jiƙansa, mutane suka yi ta yaba haƙurina. Ni na tsaya aka yi masa sutura, ni na zauna karɓar gaisuwa, aka raba gado ba wanda ya ji kanmu. Da yabon ya yi yawa har ni ma na yarda cewa ni mai haƙuri ne. Bayan 'yan watanni, wata ranar Talata da almuru, ƙaramar 'yata mai shekara shida ta ɗauko mini kunu a kwano, ta yi tuntuɓe da bakin tabarma, kunun ya malale a kan takardun jarrabawar ɗalibaina da na ke dubawa. Na daka mata wata irin tsawa wadda ko ɓarawon akuya ba a yi wa irinta. Yarinya ta tsaya jikinta na ɓari, ta ce, "Baba, ka yi haƙuri," ta kasa ko kuka.

Uwarta ba ta tanka ba sai da dare ya yi. Ta ce, "Malam, ba kunun nan ne ya ɓata maka rai ba. Tun daga sallamarka muka san yau sai a hankali. Yaran nan fa sun koyi sauraron yadda ka ke jingine babur a zaure, da shi su ke gane ko su fito tarye ko su shige ɗaki."

Wannan magana ta hana ni barci. Sai na shiga ƙidayar abin da ya same ni tun daga asuba. Na tashi na tarar famfo ba ruwa. Babur ya ƙi tashi sai da aka tura. A layin mai wani ya ratso ya shiga gabana. A makaranta na gai da wani abokin aiki, ya wuce bai amsa ba. Aka ce albashi sai wani mako. Na komo gida cikin zafin bazara na iske an ɗauke wuta. Duk cikinsu babu wanda ya isa a kai ƙara gaban mai unguwa, amma babu ko ɗaya da na ajiye a inda ya faru. Kai, har a sallar Azahar, Allah Ya yafe mini, ina tsaye a sahu ina shirya amsar da ya kamata in ba mutumin nan na layin mai. Ashe mutuwa ta zo mini da masu ta'aziyya da masu tuna mini Allah, na kuwa san sunanta, na yi mata shiri. Waɗannan ƙananan kuwa ba mai yi maka jaje a kansu, kai kanka ba ka lissafa su cikin jarrabawa, sai su yi ta cinka kamar yadda gara ke cin azara.

Daga baya na fahimci cewa masana sun daɗe da bin sawun wannan al'amari. A shekarar 1936 wani likita mai suna Hans Selye, yana aiki a birnin Montreal na ƙasar Kanada, ya lura cewa ɓerayen da ya ke gwaji da su, ko da sanyi aka gallabe su ko da rauni ko da yawan wahala, alamu iri ɗaya su ke nunawa, har da gyambon ciki da kumburin wasu ƙullutai biyu da ke bisa ƙoda. Waɗannan ƙullutai, mu ma muna da su, su ne ke zuba sinadaran adiranalin da kotizol cikin jini sa'ad da mutum ya firgita ko ya fusata. Nan take zuciya ta ƙara bugu, sukari ya ƙaru a jini, narkewar abinci ta ja baya, watau jiki ya ɗaura ɗamarar faɗa ko gudu. Wannan rahama ce ga wanda ya yi kiciɓis da kura. To, amma jiki ba ya rarrabe kura da tunanin kura. Duk sa'ad da na maimaita labarin layin mai a raina, sai ya sake ɗaura ɗamara, alhali kuwa mutumin ya daɗe da shan mansa ya tafi, ya ma manta da ni.

A 1981 kuma Richard Lazarus da abokan aikinsa na jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka bi mutum 100 masu matsakaicin shekaru wata bayan wata, suka tarar ƙananan ɓacin rai na yau da kullum sun fi manyan al'amuran rayuwa nuna wanda zai yi fama da damuwa. Wani binciken da Susan Charles da abokanta suka fitar a 2013 ya ƙara fito da abin fili. An tambayi mutum 711 a Amurka yadda yininsu ya kasance har dare takwas a jere, sa'an nan aka koma musu bayan shekara goma. Waɗanda ransu ya fi dagulewa a kan ƙananan abubuwa tun farko, su ne aka fi samu da ƙuncin zuciya da ciwon damuwa daga baya.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, wani malaminmu ya riga su da shekara dubu. Abu Zaid al-Balkhi, wanda aka haifa wajen 850 kusa da garin Balkh a ƙasar Afganistan ta yau, ya yi karatu wurin al-Kindi, ya rasu a 934, ya wallafa littafi mai suna Masalihul Abdani wal Anfus, wanda Farfesa Malik Badri na Sudan ya fassara sashensa na lafiyar rai zuwa Ingilishi a 2013. Ra'ayin Balkhi shi ne, mutum na iya yin shekaru bai kwanta ciwon jiki ba, amma da wuya ya yini bai gamu da fushi ko tsoro ko baƙin ciki ba, saboda haka rai ya fi jiki bukatar kulawa kullum. Shawararsa kuwa, a tanadi kyawawan tunani tun hankali na kwance, kamar yadda mai hikima ke ajiye magani a gida tun ciwo bai zo ba. Nan ne na ga kuskurena. Ni sai wuta ta kama na ke fita neman rijiya.

Mutumin nan da bai amsa gaisuwata ba, yini guda na yi ina yi masa shari'a a zuci: girman kai ne, raini ne, don ya ga an ƙara masa matsayi ne. Ran Alhamis na ji ashe ɗansa na kwance asibiti tun daren Litinin, ko ganina bai yi ba. Abin da ya auku bai wuce daƙiƙa biyu ba, sauran duk ni na saƙa shi da hannuna, na kuma kai shi gida na juye a kan yarinya.

Amma kada mai karatu ya ɗauka ina cewa duk wanda ke cikin ƙunci shi ya jawo wa kansa. Magidancin da ke da baki goma a gida, ga tsadar hatsi, ga kuɗin haya, ba kyakkyawan zato ne zai cika masa tukunya ba, wanda kuma aka danne wa hakki yana da ikon nemansa. Balkhi da kansa ya rarrabe baƙin cikin da aka san dalilinsa, kamar rashin masoyi ko hasarar dukiya, da wanda ke sauko wa mutum ba dalili, ya hana shi walwala da kuzari, ya ce shi wannan tushensa a jiki ya ke, yana bukatar magani. Ina jin takaicin yadda mu ke gaggawar ce wa irin wannan bawan Allah imaninsa ne ya yi rauni. Wanda ya yi mako biyu ko fiye ba barcin kirki, ba cin abinci, ba ya jin daɗin komai, a yi masa addu'a a kuma kai shi ga likita, kamar yadda za a yi wa mai ciwon sukari.

Ni dai nawa bai kai can ba, ko da ya ke da na je aka auna ni an ce jinina ya soma hawa. Abin da na ɗauka ba wani mai yawa ba ne. Na san koyarwar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa mai fushi ya zauna in yana tsaye, tun ina yaro na haddace ta, sai dai ban taɓa tsammanin har da layin mai ta ke nufi ba. Yanzu kullum bayan sallar Asuba na kan gaya wa kaina cewa yau ma za a ɗauke wuta, wani zai ratsa layi, wani ba zai amsa gaisuwa ba, ta yiwu kuwa yana da uzurin da ban sani ba. In na dawo da yamma ba na shiga gida kai tsaye. Na kan zauna a dakalin ƙofa kamar minti biyar, in bi abubuwan yinin ɗaya bayan ɗaya, wanda ke da gyara in sa masa rana, wanda babu in bar shi nan waje. Wata rana a dace, wata rana a'a. Ko makon jiya sai da na yi wa wani mai a-daidaita-sahu faɗan da na ji kunyarsa daga baya.

Washegarin ranar kunun na kira yarinyar na ce, "Uwata, jiya Baba bai kyauta ba, ki yafe mini." Ta dube ni kamar ba ta gane yaren ba, ta ce to, ta ruga waje. Sai da aka yi kusan wata biyu tana aiko yayanta da kwanon kafin ta sake kawo mini da kanta, tana tafe a hankali, ta riƙe shi da hannu biyu, idonta na kan bakin tabarma.