Kilomita 24 kafin buɗe shago

Ranar da na fara fitowa da keke daga gidana a Zongo, wani maƙwabcina ya tare ni a bakin masallaci, ya rage murya ya ce, "Alhaji, lafiya dai? In kasuwa ce ta juya, ai sai ka faɗa mana." A Wagadugu kowa na hawan keke, mata da maza, har da masu ɗauko itace daga ƙauye. Amma a ce Bahaushe ɗan kasuwa, mai shagon shadda a Rood Woko, ya ajiye babur ya hau keke da furfurarsa, to mutanenmu fassara ɗaya suke yi: ya karye.

Ba karyewa na yi ba. Jinina ne ya hau, suga ma ya fara leƙowa. Likita ya ce mini magani kaɗai ba zai riƙe ni ba, sai na motsa jiki. Mahaifina a kan tabarmar ciniki ya yanke jiki ya faɗi, bai kai sittin ba. Ni kuwa autata ko firamare ba ta gama ba. Wannan lissafin ne ya kai ni wurin masu tsofaffin kekunan Turai, na sayi mai siririyar taya da lanƙwasasshen hannu.

Hanyata ɗaya ce kullum. Bayan sallar asuba nakan fita titin Bobo, in wuce Zagtuli inda aka buɗe babbar tashar wutar rana a 2017, in miƙe ta wajen Tangin-Dasuri har wata kuka da na mayar alamata. Daga ƙofar gida zuwa kukar kilomita 12 ne, zuwa da dawowa 24. Ƙarfe bakwai na yi ina gida, kafin tireloli da rana su karɓe titin. Ba ni da abokin tafiya, daga ni sai ƙarar sarƙa.

Ɗan kasuwa ba ya yarda da abin da ba a rubuta ba. Sai na ware shafukan ƙarshe na littafin bashi, ina rubuta rana da mintoci. Fitar farko awa ɗaya da minti 36 na yi, wato kilomita 15 a awa, na dawo ƙafafuna na rawa, uwargida na cewa, "Alhaji, wannan wahalar da me ta yi kama?" Bayan wata uku na sauko awa ɗaya da kwata.

Da hunturu ya shigo sai abin mamaki ya faru. Na isa kukar a minti 24, kilomita 30 a awa ke nan! Na ji kamar an mayar mini da shekara ashirin. Daga ranar na koma rubuta lokacin tafiya kaɗai, na dawowa kuwa in ce ai hutawa nake yi. Har a majalisa na fara cika baki. Kun san garin nan da son tseren keke. Tun 1987 ake gasar zagaya ƙasa ta Tur du Faso, kuma duk shekarar da ɗan gida ya lashe, kamar Mathias Sorgho a 2018 ko Paul Daumont a 2023, sai gari ya ɗauka. Su sukan haura kilomita 40 a awa a tafiyar da ta wuce kilomita ɗari. Ni da talatin ɗina har na fara jin mun zama dangi.

Ɗana na uku, wanda ke taya ni shago in an tashi makaranta, shi ya tona ni. Yana neman sunan wani mai bashi ya faɗa kan shafin. Ya ce, "Baba, ina na dawowa?" Na ce ba shi da amfani. Ya ce, "To in na sari kaya na rubuta kuɗin sayarwa ban rubuta na mota da na kwastan ba, za ka karɓa?" Ban amsa ba, don ni na koya masa wannan maganar.

Washegari na auna duka biyun. Tafiya minti 24, dawowa minti 40. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ni kuwa yamma nake nufa, ashe tura ni take yi a tafiya, a dawowa ta karɓi kuɗinta. Na ce to 30 da 18, tsakiyarsu 24, ba laifi. Yaron ya ce a'a. Kilomita 24 a minti 64, 22 da rabi ne, saboda inda kake jan jiki nan ka fi daɗewa. Na sake lissafawa sau biyu, haka ne.

Abin ya yi mini ciwo, ba don lambar ba. Na shekara talatin ina alfahari littafina ba ya ƙarya, sai ga shi mutum na farko da na ha'inta a cikinsa ni ne. Kuma ba wa majalisa na fara hawan keken nan ba. Na tuna makonni biyu ke nan ban je awon jini ba, don na ɗauka mai gudun talatin ya wuce awo.

Yanzu shafin layi huɗu ne: tafiya, dawowa, yanayin iska, da awon jini duk Juma'a. Ina duba iskar taya kafin in fita, ina ɗaukar ruwa da kayan faci, na sa fitila gaba da baya, ina rufe hanci in ƙura ta yi yawa. Magani ban daina ba, kuma duk mai irin ciwona ya fara jin ta bakin likita kafin ya hau. Mafi kyawun lokacina har yau minti 62 ne, a wata safiya bayan ruwan sama, babu iska ko kaɗan. Jinin ya sauka, alhamdu lillahi.

Maƙwabcin nan kuwa, shekaranjiya ya zo yana tambayata nawa irin kekena yake yi. Na faɗa masa farashi, na ƙara da cewa ya haɗa da littafi da biro.