Ƙamshin Teku a Dirin Daji

Ranar kasuwar da ta wuce wani yaro ya tsaya a ƙofar gidanmu da baro, ya jera yankakkiyar kwakwa cikin roba da ruwa. Na sayi yanka biyu. Ina kai na farko baki sai na ji ƙafafuna sun nutse cikin rairayi mai ɗumi, iska mai gishiri tana manne mini riga a jiki. Alhali kuwa a Dirin Daji nake, hedikwatar ƙaramar hukumar Sakaba a masarautar Zuru, tsakanina da teku ɗaruruwan kilomita. Amma harshe ba ruwansa da nisa.

A Ikko aka haife ni, cikin barikin Bonny Camp da ke Victoria Island. Duk wanda ya san ƙasar Zuru ya san da wuya ka shiga gida uku a jere ba ka ga hoton mutum cikin kaki a bango ba. Babana yana cikinsu, saje ne. Daga ɗakinmu zuwa Bar Beach tafiyar ƙafa ce ta titin Ahmadu Bello. Ranar Lahadi da la'asar Mama kan ɗaure gyaɗa a leda, ta riƙe hannuna da na ƙanwata, mu tafi. Ga masu fararen riguna suna addu'a da ƙararrawa a bakin ruwa, ga masu dawaki suna ɗora yara a kan 'yan kuɗi kaɗan, yawancinsu mutanenmu ne na Arewa. Ga mai kwakwa da addarsa, sara uku ya buɗe maka baki. Doka ɗaya Mama ta kafa: ruwa ba ya wuce gwiwa, domin tekun nan ba ya mayar da abin da ya karɓa.

Shekarun da aka tura Baba Laberiya da rundunar ECOMOG, wadda ta shiga ƙasar tun 1990, zuwanmu bakin teku ya canza ma'ana. Mama takan nuna inda rana ke faɗuwa ta ce, "Babanku yana can, ruwan nan shi ne ya kai har wurinsu." Na daɗe ina ɗauka rarrashi ne kawai. Sai da na girma na duba taswira na ga gaskiya ta faɗa: Monrovia tana bakin wannan tekun na Atlantika, can yamma da mu. Ni kuwa a lokacin nakan rubuta sunansa da tsinke a jiƙaƙƙen rairayi, in jira igiya ta zo ta shafe, in ce ta kai masa saƙo.

Da ya yi ritaya muka tattaro muka dawo gida. A bariki yaran Ikko suna kirana "aboki", a nan kuma aka laƙaba mini "ɗan Ikko". Ban iya noma ba, Hausata ta bariki ce, ana ta yi mini dariya. Sai na koyi rufe baki a kan teku. Na yi karatu, na karanci kimiyyar kwamfuta, na zama mai rubuta manhaja. Aikin ya kai ni birni, ciwon Baba ya dawo da ni: shekara biyu ke nan ɓarin jikinsa ya shanye. Yanzu daga shagon zaure nake aiki, da sola a kan rufi da intanet ɗin da sai ya ga dama.

A sana'ata, duk abin da ka ajiye a kwamfuta yana da adireshi. Idan ba ka kira shi da sunansa ba, ba zai fito ba. Tunanin ɗan Adam ba haka yake ba, shi yake kiranka. Masana ƙwaƙwalwa sun nuna cewa saƙon hanci yana da gajeriyar hanya zuwa sassan da ke riƙe da tuna baya da motsin zuciya, fiye da saƙon ido ko na kunne. Ni dai tun kafin in karanta haka na sani a jikina. Idan aka sauke kwandon bandar kifin Yawuri a kasuwa, ni a kasuwar mami ta bariki nake. Idan matata ta soya doya ta barbaɗa yaji, na koma Obalende, ina jiran a naɗe mini a tsohuwar jarida. Iskar da ke riga hadari isowa a watan Yuni, mai nauyi da laima, ita ce iskar da na tashi a cikinta kullum. Har fankar da ke juyawa a kaina cikin dare, in na lumshe ido, ƙarar igiyar ruwa nake ji.

Wata rana Baba ya yi mini alama da hannunsa mai lafiya in kawo kwamfuta. Maganarsa ta yi nauyi, sai da ya maimaita sau uku na gane: Bar Beach yake so ya gani. Gabana ya faɗi, domin na san abin da zai tarar. Tun farkon ƙarni na 20, da aka gina katangun dutse a mashigar tashar jiragen ruwan Ikko, rairayin da igiya ke kawowa daga yamma ya daina isa wurin, teku ya riƙa cin gaɓa kaɗan-kaɗan, har ya kai yana malalowa kan titin Ahmadu Bello. Daga 2008 aka fara cike wurin da rairayi don gina sabon birnin Eko Atlantic, aka tare teku da doguwar katanga. Na buɗe Google Earth na nuna masa. Inda muke tsayawa ruwa na lasar ƙafarmu, yanzu tituna ne da dogayen gine-gine.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗora yatsa a kan allon, can gefe inda shuɗi ya fara, ya ce, "Ruwan yana nan." Na ce, "Yana nan, Baba." Ya gyaɗa kai, ya mayar da bayansa kan matashi.

Shi ya sa ranar nan ban cinye kwakwar ba. Yanka na biyu na kai ciki, Mama ta goga shi a magogi don ya yi masa sauƙin tauna, ta ba shi a cokali. 'Yata mai shekara biyar tana zaune a gefen katifa, ita da ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi rafin bayan gari ba. Ta ce, "Kaka, mene ne teku?"

Baba ya dube ni, alamar ni zan amsa. Na jawo ta kan cinyata, na saka mata ragowar kwakwar a baki, na ɗiga mata ƙwayar gishiri a harshe. Na ce ta rufe ido ta saurari fanka.