Gurgu ma yana iya zama alƙali

Ƴan uwa manoma da makiyaya, ina da magana a kan wasan kwaikwayo, wanda muke ce wa teyatur.

Bayan Seyni Kunce ya karɓi mulki a 1974, an farfaɗo da samariya. Gari-gari aka kafa ƴan wasa. A Damagaram ƙungiyar Yazi Dogo ta yi suna, har aka riƙa kallonta a Tele Sahel. Teyatur ya koya wa mutane zuwa likita da sa yara lakwal. Amma ku duba yadda ya saba nuna naƙasasshe. Mai ido ne ke rufe ido, ya ɗauki sanda da ƙoƙo, ya yi bara. Mai ƙafa ya ja gindi, yara su yi ta dariya. Kurma kuwa, a ce masa gero ya ce goro.

Ni shan inna ta kama ni ina shekara 3. Da sanda nake tafiya. Da na shiga ƙungiyar wasa ta garinmu, mabaraci kaɗai ake sa ni. Na yi sau biyu, na ce ya isa, a ba ni alƙali. Alƙali a zaune yake shari'a, ina ruwansa da ƙafa? An sha gardama kafin a yarda. Shari'ar shanu ce da suka shiga gonar wake. Da na fito, wasu sun yi dariya. Da na fara yi wa manomin da makiyayin tambaya, aka yi tsit, kowa na jiran hukunci.

Teyatur namu ba karanta shi ake yi ba. Zama ake a tsara labari, kowa ya san rabonsa, magana kuwa daga kansa za ta fito. To, makahon da ya haddace doguwar waƙar bara, me zai hana shi fitowa maigari ko ɗan kasuwa? A wasan rediyo ma murya kaɗai ake ji.

A 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu. Sashe na 30 ya ambaci gidajen wasa. Sai dai dandali mai matakala har yanzu yana tsayar da mai keken guragu. Namu, laka muka kwaɓa muka yi masa gangare, aikin yini ɗaya.

Ƴan uwana naƙasassu, bayan kaka ƴan wasa ke fara gwaji. Ku je tun ranar da ake tsara labari, kafin a gama raba matsayi.