Hadayar da ba jini

A ƙasarmu ta Tasawa da Mayahi, in aka ce hadaya, rago ne ke zo wa mutum a rai: ragon layya, ko yankan da arna ke yi wa iskoki a gindin tsamiya. Shi ya sa na daɗe ina juya maganar wani abokin aikina, malamin makaranta ɗan Katolika, da ya ce mini ibadarsu ta Mas hadaya ce, amma ba a zubar da jini. Gurasa da ruwan inabi ke kan bagadi, domin a wurinsu jinin an riga an zubar sau ɗaya a kan gicciye.

Da Latinanci aka yi ta yin wannan ibada ƙarni bayan ƙarni, limami da jama'a suna fuskantar gefe guda, har babban taron Vatikan na 1962 zuwa 1965 ya buɗe ƙofa ga harsunan mutane. Fafaroma Benedict ya sassauta wa masu son tsohon tsarin a 2007, Fafaroma Francis ya sake taƙaita shi a 2021. Gardamar tasu ba ta ba ni mamaki ba. Wanda ya tashi yana salla da Larabci ya san kwarjinin harshen da ba a ciniki da shi a kasuwa.

Wannan Latinanci kuwa ya riga Faransawa taka ƙasar Hausa. A 1710 wasu limamai biyu 'yan ɗariƙar Faransis, Carlo da Severino, suka taso daga Tarabulus, suka biyo ta Agadas, suka iso Katsina, inda ciwo ya kashe su a 1711. Katsinar nan ce zuriyar sarakunanta ta komo Maraɗi da Tasawa bayan jihadi, don haka labarin namu ne.

Shin shahidai ne? A ƙa'idar Katolika, a'a: shahidi shi ne wanda aka kashe don ƙin addininsa. A Musulunci kuwa, har wanda annoba ta ɗauke ana kyautata masa zaton shahada. Ni dai ma'aunin na biyu ya fi kwanta mini game da su, ko da yake ba da shi suka auna kansu ba.

Maraɗi ba ta samu bishop nata ba sai a 2001, wato Ambroise Ouédraogo. A watan Janairu na 2015 aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai, aka yi asarar rayuka. Abokin nawa bai taɓa kiran kowa shahidi a kan wannan ba. Sunan maƙwabcin da ya ɓoye 'yan'uwansa a ɗaka kawai yake ambata.