Minti Goma Sha Takwas Na Kawu

Ranar da na fara jin waƙar nan dariya na yi, har da riƙe ciki. A shekarar 1994 ne, ina aji huɗu na sakandare, ina zaune a gidan kawuna a Kaduna. Shi Kawu an taɓa tura shi kwas Ingila a 1974, ya dawo da akwati guda na faifan garmaho, waɗanda daga baya ya bi ya juye su a kaset, saboda allurar garmaho ta yi wuyar samu. Duk ranar Asabar bayan la'asar yakan shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ya sa wa rikodarsa sababbin batura, ya kishingiɗa ya lumshe ido.

Ran nan sai ya kira ni ya ce, "Zo nan, ɗana, zauna ka ji wani abu." Na zauna. Da farko kukan tsuntsaye na ji da ƙarar ruwa mai gudu. Can sai ga wata hayaniya ta ɓarke, jita na ta gudu kamar an koro ta, mai ganga na bugun nasa daban, kowa ya kama gabansa kamar kasuwar da ɓarawo ya shiga. Na ce, "Kawu, ai kaset ɗin nan ya tauna." Ya ce lafiyarsa lau. Na ce, "To su waɗannan faɗa suke yi ko kiɗa?" Bai yi fushi ba. Murmushi kawai ya yi ya ce, "Sau nawa ka ji?" Na ce sau ɗaya, kuma ya ishe ni. Ya ce, "To ba ka ji ba tukuna." Na tashi na bar masa abinsa, na je ina ba 'ya'yansa labari muna ta sheƙa dariya.

Kawu ya rasu a 2011, Allah ya jiƙansa da rahama. Da aka zo rabon tarkacen ɗakinsa ba wanda ya kula akwatin kaset ɗin, domin a lokacin kowa ya koma waya. Ni ma ba don son abin da ke ciki na ɗauka ba, sai don rubutun hannunsa da ke jikin kowane kaset. Akwatin ya yi shekara biyu a ƙarƙashin gadona. Wani dare ina gyaran takardun jarrabawar ɗalibai, an ɗauke wuta, barci ya ƙi zuwa, sai na jawo shi. Kaset ɗin da hannuna ya fara kaiwa an rubuta masa: Yes, Close to the Edge, 1972.

Bari in ɗan yi wa mai karatu bayani, don na san ba kowa ne ya taɓa cin karo da irin wannan kiɗa ba. A ƙarshen shekarun 1960 wasu samarin makaɗan Ingila suka gaji da waƙar minti uku da gidajen rediyo suka saba sawa. Suka shiga tsara waƙoƙi masu tsawo da sassa da yawa, suna aro daga kiɗan coci da na manyan zaurukan Turai da kuma jaz na Amurka. Masu abin suna kiransa progressive rock, ni kuwa nakan ce masa rok mai dogon zango. Cikin jigoginsa akwai King Crimson, waɗanda faifansu na farko ya fito a 1969, da Genesis, da Pink Floyd, da kuma su Yes ɗin nan. Waƙar da ta ba ni dariya ita kaɗai ta cinye fuska guda ta faifan, tsawonta ya haura minti 18.

Yadda Kawu ya same ta ma labari ne. Ya ce ya shiga wani kanti a Landan neman faifan Osibisa, ƙungiyar nan da 'yan Gana suka kafa a can, wadda ake zana wa giwaye masu fukafukai a bangon faifanta. Mai kantin ya nuna masa wani koren faifai ya ce ai mai zanen ɗaya ne, wato Roger Dean. Saboda zane ya saya, kuma shi ma da bakinsa ya ce sai da ya yi wata guda yana cizon yatsa a kan kuɗinsa.

To, a daren nan na sa kaset ɗin, kuma gaskiya ita ce ra'ayina bai sauya ba. Hayaniyar tana nan yadda na bar ta. Bambancin kawai shi ne wannan karon ban tashi ba, domin kunyar mamaci ta zaunar da ni. Da aka yi kamar minti uku sai hargitsin ya lafa, jitar ta fito da wani ɗan kari mai daɗi wanda ko yaro zai iya bi da fito. Ashe shekara goma sha tara da suka wuce, saura ƙiris in iso wurin na tashi.

Na ci gaba da sawa, yau da gobe, ina gyaran takardu. Wajen ji na biyar na lura cewa wannan ɗan karin ba sau ɗaya ya zo ba. Yana ta komowa cikin waƙar, wani lokaci da sauri, wani lokaci a hankali, kamar baƙon da ke sake riga yana dawowa gidan biki. Wajen ji na goma kunnena ya bar bin jitar Steve Howe, ya koma ƙasa wurin Chris Squire, mai jita mai kaurin murya. Nan na gane cewa a cikin abin da na kira kasuwa akwai mai riƙe da igiya: shi yana ta hawa da sauka a kan tsani guda, sauran suna kewaya shi. Mai ganga kuwa, Bill Bruford, da gangan yake kauce wa inda kunne ke jiran bugu ya sauka.

Sashen da ya fi daɗewa bai buɗe mini ba shi ne na uku, inda komai ke yin tsit, sai ɗigar ruwa da muryar Jon Anderson siririya. Da nakan ƙosa, har in sa biro in murza kaset ɗin gaba. Daga baya na fahimci cewa wannan shirun shimfiɗa ce. Bayansa ne ogan mai bututu, wanda Rick Wakeman ya kaɗa a wata tsohuwar coci ta Landan, yake saukowa kamar hadarin farkon damina, kuma in ka tsallake shirun, saukowar ba ta da nauyi ko kaɗan. A ƙarshe waƙar ta koma kan tsuntsaye da ruwan da ta fara da su. Sai bayan haka na karanta cewa littafin Siddhartha na Hermann Hesse, wanda kogi ke da babban matsayi a cikinsa, yana daga abin da ya zaburar da mawaƙin.

Uwargida ba ta yarda da wannan duka ba. Ta ce, "Malam, sabo ne kawai. Ko ƙarar injin niƙa in ka daɗe kana ji, ranar da aka kashe sai ka ji kewa." Maganar ta tsaya mini a rai, domin Hausawa sun ce sabo turken wawa. Shin waƙar ce ta girma, ko kuwa ni ne na ɗaure kaina a turke?

Amsar a cikin akwatin na same ta. Akwai wani aikin na su Yes ɗin, Tales from Topographic Oceans, na 1973, waƙoƙi huɗu kacal a faifai biyu, sama da minti 80. Na ba shi irin haƙurin da na ba na farkon, har ma fiye. Amma duk jin da na ƙara sai in ƙara ganin inda aka ja zance don a cika wuri, kamar ɗalibin da aka ce ya rubuta shafi huɗu alhali abin faɗarsa bai wuce shafi biyu ba. Akwai wurare masu kyau, amma tsakaninsu tafiya ce mai nisa ba ruwa. Shi kansa Wakeman bai ɓoye rashin gamsuwarsa da aikin ba, ya kuwa bar ƙungiyar a 1974. Da sabo ne kaɗai ke aiki, da wannan ma na so shi. Ashe maimaita ji kamar wankin atamfa yake: mai kyau ta ƙara laushi, ta banza ta zuba.

Akwai kuma The Dark Side of the Moon na Pink Floyd, shi ma na 1973. Wannan tun jin farko ya shige ni, da bugun zuciyar da ke buɗe shi ya kuma rufe shi, da ƙarar agogo, da waƙar kuɗi mai tafiya da bugu bakwai-bakwai maimakon huɗu-huɗu da aka saba. Kiɗansa bai ɓoye mini wani abu mai yawa ba. Abin da ya sauya shi ne ni. Waƙar da ke magana a kan yadda shekaru ke sulalewa mutum bai ankara ba, ina da talatin da biyar na ji ta a matsayin Turanci mai daɗi. Yanzu da furfura ta fara leƙowa, nakan rage murya in ta zo.

In an duba, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Wa ya taɓa ƙure Bakandamiyar Narambaɗa da ji ɗaya? Tsofaffinmu sukan yi shekaru suna jin Shata ko Ɗan Anace, kullum suna tsinto wani habaici ko wata gwanintar 'yan amshi da ta wuce su a baya. Mun san wannan haƙurin, mun gaje shi. Abin da na kasa yi ina yaro shi ne in ara wa kiɗan wasu mutane irin kunnen da nake ba namu.

Abin ya bi ni har cikin aji. Na daina ba da maki ga insha'in ɗalibi a karatun farko, musamman wanda ya fara a hargitse. Sau da yawa mai farawa sumul haddar wani ya juyo, shi kuwa mai tuntuɓe a sakin layi na farko wani abu nasa na kansa yake ƙoƙarin fitarwa. Ina tuna yara nawa na ja wa jan biro a shekarun baya tun ban kai minti na uku ba, kuma abin yana damuna.

Ba zan rantse cewa soyayyar Kawu ba ta shiga cikin hukuncina ba. Ta shiga, domin ita ta zaunar da ni a daren farko. Amma abin da na tarar bayan na zauna yana cikin waƙar tun 1972, ba ni na sa shi ba. Abin da ke ci mini rai shi ne mutumin da ya kamata in je in durƙusa in ce, "Kawu, ashe gaskiyarka," ba ya nan.

Kaset ɗin ya tsinke a 2019, na ɗaura shi da salatif ya sake tsinkewa, yanzu a waya nake ji. Kwanan baya babban ɗana ya shigo ya tarar da ni a daidai wurin hayaniyar nan. Ya tsaya ya yamutsa fuska ya ce, "Baba, wayar ce ta lalace?" Na matsa masa a kan tabarma, na tambaye shi sau nawa ya ji.