Sujadar Ƙarshe Kafin a Kulle Ƙofa

Mu fastoci mun ƙware a sujadar aza harsashi da ta keɓe sabuwar majami'a. Rufe majami'a kuwa darasi ne da 'yan'uwanmu na Turai da Amurka suke koyo da hawaye, domin masu sujada suna raguwa, kuɗin gyaran gini yana ƙaruwa. Littafin sujada na ikkilisiyar United Methodist ta Amurka, wanda aka buga a 1992, har yana da tsari na musamman domin bankwana da ginin majami'a.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne al'adar Lutheran na Jamus. Sukan taru su yi wa'azin ƙarshe, su ci Jibin Ubangiji, su yi godiya saboda waɗanda aka yi wa baftisma, da waɗanda aka ɗaura wa aure, da waɗanda aka yi wa jana'iza a wurin. Sa'an nan dattawa su ɗauki Littafi Mai Tsarki daga kan bagade, da kwanon baftisma, da ƙoƙon Jibi, a kashe kyandira, a fita a jere zuwa majami'ar da za ta karɓe su. Haka Lawiyawa suka riƙa ɗaukar kayan alfarwa duk lokacin da Isra'ila ta tashi daga zango.

Ku lura, ƙaunatattu, da abin da aka ɗauka. Duk abin da ya mai da ginin gidan sujada, hannu biyu sun isa su riƙe shi. Bango da hasumiya sun tsaya a baya, ikkilisiya kuwa ta fita da ƙafafunta.

Ina tunawa da 'yan'uwanmu na EYN waɗanda suka gudu daga Kwarhi da Mubi a Oktoba 2014, sa'ad da Boko Haram ta shigo. Ba su sami zarafin kashe fitila ko raira waƙar ƙarshe ba. Waɗansu ƙauyukan sun zama kufai. Ina ganin bashi ne a wuyanmu mu tara irin waɗannan masu bi inda suke zaune yanzu, mu ambaci sunan majami'arsu a gaban Allah, mu gode masa dominta, mu bar su su yi kuka. Makokin da ba a kai shi gaban Ubangiji ba yakan zama ɗaci.

Ya Uba, ka riƙe jama'arka a duk inda ƙofa ta rufe. Amin.